Bin Sawun Kayan da Aka Aiko Daga Ƙasashen Waje Idan Suka Makara: Bayani Ga Mazauna Kudancin Birnin Kaduna

Gabatarwa

Sayen kaya daga ƙasashen waje ta intanet, da karɓar saƙo daga 'yan uwa mazauna ƙetare, sun zama ruwan dare a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, tun daga Barnawa, Kakuri, Makera da Unguwar Television na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, har zuwa Narayi, Sabon Tasha, Unguwan Romi, Gonin Gora, Nasarawa da Tirkaniya na Ƙaramar Hukumar Chikun, da garuruwan da ke kewaye irin su Kujama, Kakau da Rido. Masu gyaran waya, teloli, makanikai, manoma da ɗalibai duk suna jiran wani abu daga nesa: kayan gyara, na'ura, littafi ko takardar shaidar karatu. Sau da yawa kuɗin da aka biya shi ne ɗan jarin mutum gaba ɗaya, ko kuma bashi ne da aka ciwo.

Idan ranar da aka yi alkawari ta wuce kaya ba su iso ba, wasu sukan sallama, su ɗauka sun yi asara, wasu kuma su yi ta jira har lokacin da ake iya neman haƙƙi ya shige. Alhali mafi yawan kayan da suka makara suna nan ajiye a ɗaya daga cikin zangunan da aka sani, a hannun wata hukuma ko wani kamfani. Wanda ya gano zangon ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wannan bayani an shirya shi ne domin masu saye, da kuma masu unguwanni, dagatai, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda jama'a ke kawo wa irin wannan kuka.

Hanyoyin da Kaya Ke Shigowa

Abu na farko shi ne a san ta wace hanya aka aiko da kayan, domin kowace hanya da mai alhakinta. Hanyoyin uku ne.

Ta farko ita ce gidan waya. Hukumar Gidajen Waya ta Nijeriya, wato NIPOST, ta samo asali ne daga tsohon Sashen Gidan Waya da Sadarwa wanda aka raba a shekarar 1985. Tana musayar saƙonni da takwarorinta na duniya a ƙarƙashin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wato UPU, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a shekarar 1874. Ƙungiyar tana da ƙasashe 192, kuma Nijeriya ta shiga cikinta a shekarar 1961. Bisa ƙa'idar ƙungiyar, gidan wayan ƙasar mai aikawa ne ke karɓar kaya, na ƙasar mai karɓa kuma ya isar. Babban gidan waya na Kaduna yana kan Titin Yakubu Gowon, a arewacin kogi.

Ta biyu ita ce kamfanonin isar da saƙo na gaggawa, irin su DHL, FedEx, UPS da Aramex, waɗanda ke riƙe da kaya da kansu ko ta hannun wakilansu tun daga ƙasar da aka aiko har ƙofar mai karɓa. Manyan kantunan intanet kamar AliExpress da Temu, wanda ya fara hulɗa da Nijeriya a ƙarshen shekarar 2024, sukan miƙa kayansu ga wani kamfanin cikin gida idan sun iso.

Ta uku ita ce dillalan dako, waɗanda ke tara kayan mutane da yawa a sito a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ko Dubai, ko Istanbul, su yi awo, su ɗoro ta jirgin sama ko ta kwantena, sannan su raba a Legas ko Kano. 'Yan kasuwa sun daɗe da wannan hanya. Sai dai ba ta cikin tsarin gidan waya, don haka rasit ɗin dillalin da alamar da aka rubuta a jikin kwali su ne kaɗai shaidar mai kaya. Tashar Tsandauri ta Kakuri, wadda aka buɗe a watan Janairun 2018, ta manyan kaya ce na kwantena, ba a neman ƙaramin ƙunshi a can.

Lambar Bin Sawu

Duk kayan da aka yi wa rajista suna da lambar bin sawu, kuma wajibi ne mai saye ya nemi mai sayarwa ya ba shi ita. Ta bambanta da lambar oda, wadda kantin kaɗai ke amfani da ita.

Lambar gidan waya tana da gurabe 13: haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe, alal misali RR123456785CN. Harafin farko yana nuna nau'in saƙo. E na saƙon gaggawa ne, wato EMS. C na babban ƙunshi. R na saƙon rajista. L na ƙaramin ƙunshi mai bin sawu. Lambar da ta fara da U kuwa ta saƙo ce mai rahusa wanda ba lalle a riƙa ganin motsinsa ba bayan ya bar ƙasarsa. Haruffa biyun ƙarshe suna nuna ƙasar da aka saka kayan a gidan waya: CN ƙasar Sin, US Amurka, GB Birtaniya, AE Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, SA Saudiyya, TR Turkiyya, IN Indiya, DE Jamus. Lambar kamfanoni tana da wani fasali dabam: ta gaggawa ta DHL alƙaluma 10 ce, ta UPS kuma takan fara da 1Z.

A duba lambar a wurare biyu: shafin intanet na gidan wayan ƙasar da aka aiko, da shafin NIPOST. Dalili kuwa, wani lokaci shafin can yakan daina nuna komai da zarar kaya sun bar ƙasar, alhali na nan ya ci gaba. Akwai kuma shafuka irin su 17TRACK masu tattaro bayanan ɓangarorin biyu wuri guda. A kullum layin ƙarshe ake dubawa: kwanan wata, sunan gari, da abin da aka ce ya faru.

Zangunan Tafiya Guda Biyar

Zango na ɗaya, hannun mai sayarwa. Idan shafin ya nuna an ƙirƙiri lamba kawai, babu wani gari ko ofishin da ya karɓa, to kayan ba su bar kanti ba tukuna. Mai sayarwa ne abin tambaya, babu ruwan gidan waya.

Zango na biyu, ƙasar da aka aiko. An karɓi kaya, an tantance, suna jiran jirgi. Saƙo mai rahusa yakan daɗe a nan, domin sai an sami gurbi ake ɗorawa. Har ila yau mai aikawa ne kaɗai zai iya bincikawa.

Zango na uku, kan hanya. Kaya da yawa sukan yada zango a wata ƙasa ta uku kafin su iso, kuma shafin yakan yi shiru na kwanaki ko makonni. Wannan shiru shi ya fi tayar da hankalin masu saye, amma ba alama ba ce ta ɓata.

Zango na huɗu, shigowa Nijeriya da binciken kwastan. Akasarin saƙonnin gidan waya sukan sauka a cibiyar tantance saƙonnin ƙasa da ƙasa da ke Ikeja, kusa da Filin Jirgin Sama na Murtala Muhammed a Legas. Idan shafin ya ce “Held by customs”, ma'ana kayan suna hannun jami'an kwastan. Daga nan alhakin bibiya ya fara komawa kan mai karɓa.

Zango na biyar, daga Legas zuwa Kaduna, da ofishin da zai isar. Kayan da suka biyo hanyar Abuja ta Gonin Gora suke shigowa gari, amma wannan bai hana a tsallake da su gada zuwa babban ofishi ba kafin a rarraba. Idan shafin ya nuna sun iso Kaduna, ko ya ce an gwada isarwa ba a sami mai su ba, kada a ƙara jiran kira. A tashi a je.

Dalilan Jinkiri

Na farko, takardar bayanin kaya. Kowane ƙunshi na gidan waya yana ɗauke da takardar kwastan, CN22 ga ƙananan kaya, CN23 ga masu daraja, inda ake rubuta abin da ke ciki, nauyinsa da farashinsa. Tun daga farkon shekarar 2021 ƙa'idar UPU ta wajabta a tura wannan bayani ta kwamfuta tun kafin kayan su iso. Idan bayanin bai cika ba, ko farashin da aka rubuta bai yi kama da gaskiya ba, ana iya tsare kayan har sai an kawo rasit.

Na biyu, kuɗin fito. Daga ranar 8 ga Satumbar 2025 Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta fara yafe kuɗin fito ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mai shigowa da su, muddin ba sa cikin jerin haramtattu ko waɗanda aka taƙaita. Abin da ya haura haka ana ƙiyasta masa kuɗin fito da sauran haraji, ciki har da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma ba a sakinsa sai an biya.

Na uku, binciken wasu hukumomi. Magunguna, abinci da kayan shafa suna ƙarƙashin NAFDAC. Hukumar NDLEA tana binciken miyagun ƙwayoyi. Irin shuka, tsirrai da abin da ya shafi dabbobi suna buƙatar izinin hukumar killace kayan gona, abin da ya kamata manoma su lura da shi kafin su yi odar iri daga waje. Jirgi marar matuƙi da wasu kayan tsaro kuwa sai da takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Haka kuma batir, turare da sauran abubuwa masu saurin kama wuta suna da ƙa'idoji masu tsauri a jirgin sama, kuma akan mayar da su tun daga ƙasar da aka aiko.

Na huɗu, lokaci. Masana'antu da kantunan ƙasar Sin sukan rufe lokacin bikin sabuwar shekararsu, a watan Janairu ko Fabrairu, da kuma makon farko na Oktoba. Daga ranar 11 ga Nuwamba, wadda ake babban rangwame a kantunansu na intanet, har zuwa bayan Kirsimeti, cunkoso yakan yi yawa a duk duniya. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowa, kamar a shekarar 2020 da aka rufe filayen jiragen saman Nijeriya ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa daga watan Maris zuwa Satumba saboda annobar korona.

Matsalar Adireshi a Kudancin Kaduna

Dalili na biyar shi ya fi shafar wannan yanki, kuma shi ne wanda maganinsa ke hannun mai saye. Unguwannin kudu sun faɗaɗa da sauri tun daga lokacin da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a shekarar 1957, har zuwa buɗe masana'antar Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, kuma layuka da yawa a sababbin unguwanni ba su da allon suna ko lambar gida.

Bugu da ƙari, sunaye suna kama da juna. Akwai unguwar Nasarawa a Kaduna, akwai Nasarawa a Kano, ga kuma Jihar Nasarawa. Akwai Tudun Wada da Sabon Gari a Kaduna, akwai su a Zariya. Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu tana cikin birni, hedikwatarta a Makera, amma abin da ake kira Kudancin Kaduna ya haɗa da Kafanchan, Zonkwa da Kachia, masu nisa da birnin. Hatta sunan ƙasa yakan rikice wa ma'aikatan ƙetare, su aika kayan Nijeriya zuwa Jamhuriyar Nijar. Alamar Nijeriya NG ce, ta Nijar NE.

Saboda haka cikakken adireshi ya ƙunshi: suna kamar yadda yake a katin shaida, lambar gida da layi, sananniyar alama ta kusa, kamar makaranta, asibiti, masallaci, coci ko kasuwa, unguwa, ƙaramar hukuma, Kaduna, lambar yanki ta gidan waya mai alƙaluma shida, wadda a birnin Kaduna take farawa da 800, sannan Nijeriya. A rubuta lambar waya mai aiki, a fara da +234, a cire sifirin farko. Mazauna ƙauyuka su yi amfani da akwatin gidan waya, ko adireshin wani amintaccen ɗan uwa a cikin gari, tare da sanar da shi tun da wuri.

Matakan da Mai Saye Zai Bi

1. Ya tattara shaidu wuri guda: lambar bin sawu, lambar oda, rasit ɗin biya, saƙon banki, hoton kayan, da ranar da aka yi alkawarin isowa.

2. Ya duba layin ƙarshe, ya ɗauki hotonsa, ya gane zangon da kayan suke.

3. Idan ba su shigo Nijeriya ba, ya rubuta wa mai sayarwa ta cikin manhajar kantin, domin maganar ta zauna a rubuce.

4. Idan sun shigo, ya je gidan waya mafi kusa da lambar da katin shaida, na ɗan ƙasa, na zaɓe, lasin tuƙi ko fasfo. In ba a same su a can ba, ya wuce sashen ƙunshi na babban gidan waya. Idan kamfani ne ya ɗauko, ofishin kamfanin zai je.

5. Idan an ce kwastan sun tsare, ya nemi a gaya masa dalili, da takardar ƙiyasin abin da zai biya. Kowane kuɗi a biya shi ta hanyar da hukuma ta tanada, a karɓi rasit. A shekarar 2025 NIPOST ta sanar da daina karɓar tsabar kuɗi a ofisoshinta daga ranar 1 ga Yuli.

6. Ya rubuta ranar da ya je, ofishin da ya shiga, da amsar da aka ba shi.

7. Ranar karɓa, ya duba jikin ƙunshin kafin ya sa hannu. Idan a yage yake, ko nauyinsa bai kai abin da aka rubuta ba, ya nemi a buɗe a gaban ma'aikaci, a rubuta abin da aka gani.

Wa'adi da Diyya

A nan ne mutane suka fi yin asara, domin wa'adi ba ya jiran kowa. Akwai guda uku da za a kiyaye.

Na farko, wa'adin kariyar mai saye. Kowane kantin intanet yana da ranar da bayanta ba ya sauraron ƙorafi, kuma tana rubuce a shafin oda. A shigar da ƙorafin rashin isowar kaya kafin ranar ta cika, ko da mai sayarwa yana ba da haƙuri yana cewa a ƙara jira. Kada kuma a danna alamar cewa an karɓi kaya alhali ba su zo hannu ba, domin hakan yana sakar wa mai sayarwa kuɗinsa.

Na biyu, wa'adin gidan waya. Ƙa'idar UPU ta ba da watanni shida daga washegarin ranar da aka aika, domin shigar da takardar bincike, wadda ake kira CN08, kan saƙon rajista ko ƙunshi. Na saƙon gaggawa ya fi haka gajarta a ƙasashe da dama. Idan bincike ya tabbatar kaya sun ɓace, a ƙa'ida mai aikawa ake biya diyya, sai dai in ya sallama wa mai karɓa. Diyyar tana da iyaka, ba lalle ta kai kuɗin kayan ba in ba a yi musu inshora ba, kuma ba a biyan ta kan saƙon da ba shi da rajista, ko kayan da hukuma ta ƙwace bisa doka.

Na uku, wa'adin ajiya. Kayan da suka iso ba a zo an karɓa ba, kuɗin ajiya yakan hau kansu, daga bisani a mayar da su inda suka fito.

Hattara da 'Yan Damfara

Masu zamba sun san mai jiran kaya yana cikin zaƙuwa. Sukan aiko da saƙon waya cewa ƙunshi ya maƙale saboda kuskuren adireshi, su sa wani mahaɗin intanet da za a shiga a rubuta lambar katin banki. Wasu sukan kira da sunan jami'in kwastan, su nemi a tura kuɗi asusun wani mutum. Akwai kuma tsohuwar dabarar kyauta daga wani aboki na intanet da ba a taɓa gani ba, wai ya aiko da akwati cike da kuɗi da gwal, sai an biya kuɗin fansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Babu hukumar da ke karɓar kuɗin fito ta asusun wani ma'aikaci, babu kuma mai haƙƙin tambayar lambar sirrin kati ko lambar da banki ya turo ta waya. Wanda bai yi odar komai ba, bai kuma san mai aikawa ba, ba shi da kayan da zai fansa. Haka nan kada mutum ya yarda a yi amfani da sunansa wajen karɓar ƙunshin da bai san abin da ke ciki ba, domin wanda ya sa hannu shi doka za ta fara tambaya.

Gudummawar Shugabanni da Ma'aikata

Masu unguwanni, dagatai, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi za su iya taimakawa ta hanyoyi masu sauƙi. Su karanta wa wanda bai iya Turanci ba abin da shafin ya nuna, su duba masa ranar da wa'adinsa zai cika, su taimaka masa rubuta takardar ƙorafi mai ɗauke da lambar bin sawu da kwanan wata. Idan dattijo ko marar lafiya zai wakilta wani ya karɓo masa, a rubuta takardar wakilci, a haɗa da kwafin katin shaidar su biyun. Mafi ɗorewa kuma shi ne a haɗa kai da ƙaramar hukuma wajen sa wa layuka suna da kafa allo, da lambanta gidaje, domin amfanin hakan ya wuce na masinja, ya kai ga motar asibiti da ta kashe gobara.

Inda Ake Kai Ƙara

Idan an bi matakan da ke sama ba a sami biyan buƙata ba, a fara da rubuta wa shugaban ofishin da abin ya shafa. Ƙorafi kan kamfanin isar da saƙo ana iya kai shi ga NIPOST, wadda ke ba irin waɗannan kamfanoni lasin aiki. Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, wadda dokar shekarar 2018 ta kafa, tana sauraron koken masu saye. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a Kaduna, kuma tana duba ƙorafi kan ma'aikatu kyauta. Wanda ya biya da katin banki yana iya neman bankinsa ya bi masa kuɗinsa, da sharaɗin ya yi hanzari. Batun damfara kuwa na 'yan sanda ne da Hukumar EFCC, bayan an sanar da banki nan take domin a rufe katin.

Kammalawa

Ana kira ga jama'a da su riƙa neman lambar bin sawu tun ranar da suka biya kuɗi, su rubuta cikakken adireshi, su adana rasit, su kuma lura da ranar cikar wa'adi. Idan kaya suka makara, a duba layin ƙarshe, a gane mai riƙe da su, a tuntuɓe shi a rubuce tun lokaci bai ƙure ba. Matambayi ba ya ɓata. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi gidan waya mafi kusa ko sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma.